Yadda Gwaggona Ta Riƙa Ƙarasa wa Marubuta Littattafansu

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, shekara talatin da ɗaya ta yi tana aiki a laburaren garinmu, amma in ka tambayi masu zuwa karatu, rabinsu za su rantse ba su taɓa ganinta ba. Ɗakinta yana can ƙurya, bayan kantocin littattafai, jikin inda ake ajiye tsintsiya da bokiti. Aikinta gyaran littafi. Wanda bangonsa ya ɓalle, wanda ɗinkinsa ya saki, wanda aka yi wa wanka da shayi, wanda ɓera ya ɗanɗana ya ga bai yi masa ba, duk wurinta ake kai su. Ma'aikata suna kiranta Mai Zare, don ba ka taɓa ganinta babu guntun zare a bakinta ko maƙale a rigarta.

Ni ina aiki a kantin magani da ke tsallaken titi, kuma kusan kullum a ɗakin nan nake cin abincin rana, saboda haka na san shi kamar ɗakina. Akwai dogon tebur, da tukunyar gam, da basilla uku, da wani almakashi da ko shugaban laburaren bai isa ya taɓa ba. Akwai tubali huɗu da ta naɗe da tsumma, da su take danne littafi har gam ya bushe. A gefen taga kuma akwai tsohuwar tafireta, wadda in tana bugawa sai ka ce ana gyaran kwanon rufi.

Gwaggo mutum ce mai haƙuri da kowa, ban da mutum uku: mai lanƙwasa gefen shafi, da mai lasar yatsa kafin ya juya takarda, da mai kife littafi a buɗe. Waɗannan ba ta gaisawa da su da zuciya ɗaya. Akwai wani surukin gidanmu da ta gani ya ɗora kofi a kan littafi shekara goma sha biyu da suka wuce. Har yau in aka ambace shi sai ta ce, "Wannan mutumin? Allah ya shirya."

Dokar laburaren ita ce, littafin da ya rasa shafukansa na ƙarshe ba ya komawa kantar littattafai. Jefa shi ake yi a wani ƙaton kwali da ke ƙarƙashin matakala, ƙarshen wata wani mai kura ya zo ya kwashe, ya kai wa masu ƙunshe gyaɗa da ƙusa a kasuwa. Kuma littafi ta baya yake fara mutuwa. Bangon baya ne ke fara saki, in ya tafi sai shafukan ƙarshe su bi shi ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo ta taɓa sayen ƙusa, aka ƙunso mata a cikin shafin wani littafi da ta ɗinke da hannunta har sau biyu. Ranar ba ta ci abinci ba. Ba ta da ɗa ko jika, kuma ni dai ban taɓa ganin abin da ya ɗaga mata hankali kamar kwalin nan ba.

A shekarunta na farko akwai mafita. Wata mota ce ke zuwa duk wata daga babban laburare na birni. Gwaggo ta rubuta sunayen littattafan da suka rasa ƙarshe, a aiko mata da cikakku aro, ta zauna ta kwafe shafukan da tafireta, ta ɗinke su a jikin na gida, ta mayar da na aron. Sai wata rana motar ta lalace. Aka ce ana jiran wani ƙarfe. Ina jin har yau ana jiransa.

Tsohon shugaban ya riga ya saba ganin shafukan tafireta a ƙarshen littattafai, bai kuma taɓa tambayar daga ina suke fitowa ba. Littafi na farko da ya zo bayan mutuwar motar, Gwaggo ta taɓa karanta shi, sai ta rubuta abin da ta tuna. Na biyu rabi ta tuna, ta cike sauran. Na uku ko sunansa ba ta taɓa ji ba. Ta karanta shi tun daga farko har inda ya yanke, ta dubi kwalin, ta dubi tafiretar, ta zura takarda.

Da littattafan tarihi ba ta wasa. Takan ce ba a yi wa matattu ƙarya, don ba su da bakin kāre kansu. Saboda haka ƙarshe ɗaya gare ta, shi take sa wa kowane littafin tarihi, ko na sarki ne ko na mayaƙi ko na shugaban ƙasa: "Daga nan sai ya mutu, kamar yadda kowa ke yi. Waɗanda suka zo bayansa kuma ba su fi shi hankali ba." Ta ce ta duba littattafan tarihi sun fi ɗari, ba ta ga wanda wannan bai dace da shi ba.

Littattafan ban tsoro su ne wahalarta, don Gwaggo matsoraciya ce ta ƙin ƙarawa. Da sassafe take karanta su, ƙofa a buɗe, ta kuma roƙi mai shara ya riƙa yin tari a waje don ta san akwai mutum. Abin da ke ba ta haushi shi ne, shafi ɗari uku fatalwa tana buga ƙofa tana jan kujeru, amma ba a sami mai tarbiyya ɗaya da zai tambaye ta abin da take so ba. A ƙarshen Gwaggo kullum sai wata dattijuwa ta fito, maƙwabciya ko mai wanki, ta ja kujera ta zauna ta ce, "To, baiwar Allah, mene ne?" Yawanci sai ka tarar rufin ɗakin fatalwar ne ke yoyo, ko an ajiye kaya a inda take wucewa. A gyara, kowa ya kwanta.

Na almara kuwa, masu takubba da dodanni da tsafi, abin da ke damunta daban ne. Yaro ya bar gida shafi ɗari shida, ya ƙetare duwatsu da teku, bai yi wanka ba, bai wanke riga ba, bai aika wa uwarsa ko gaisuwa ba. Gwaggo takan bar shi ya kashe dodon a layi uku, don ba ta son jini, sannan ta kora shi gida ya sha faɗa shafi biyar.

A littattafan binciken kisa ne ta fi sakewa. Tana karanta su da fensir a kunne, tana bin kowa da ido. Duk wanda ta kama ya wulaƙanta takarda, ko ya shiga ɗaki bai yi sallama ba, ko ya yi wa ma'aikaci tsawa, to ya shirya. Shi ne zai yi kisan.

Ni duk wannan ban sani ba. Da littattafan laburaren nan na girma, kuma na tashi da yaƙinin cewa marubutan duniya mutane ne masu tsananin ladabi. Aure ne ya tona asirin. Maigidana ɗan wani gari ne, shi ma mai son karatu. Wata rana hira ta kawo mu kan wani littafi da aka kashe mai otal a bakin teku, na ce ai tun shafi na hamsin na gane likitan ne. Ya ce wane likita, ai matar mamacin ce. Na ce bai karanta ba. Ya ce ni ce dai ban karanta ba. Kwana uku muna abu ɗaya, har na daina zuba masa ruwan shayi sai ya tashi ya zuba da kansa. A rana ta huɗu ya sayo sabon kwafi ya ajiye mini a kan matashi, a buɗe a shafin ƙarshe. Matar ce.

Washegari na shiga ɗakin Gwaggo ko zama ban yi ba.

"Gwaggo, wa ya kashe mai otal ɗin nan na bakin teku?"

Ba ta ɗago kai daga ɗinkinta ba. Ta ce, "A wanne?"

"Kamar yaya a wanne?"

"A nasa ko a namu?"

Na nemi kujera na zauna. Ta ciji zare ta tsinke, ta tashi ta rufe ƙofa, ta ba ni labarin motar tun daga farko. Na ce nawa ne? Ta ce ta daina ƙirgawa da suka wuce ɗari biyu. Na ce, "Gwaggo, ashe duk ƙuruciyata ke nake karantawa?"

"To me ya same ki? Ba ga ki nan kin tashi da hankalinki ba? Ki saurare ni, 'yar nan. In kika buɗe baki, duk a kwali za su ƙare. Ki zaɓa, ko ki ci gardama a gidanki, ko a ƙunshe gyaɗa da su."

Haka na koma gida na ce wa maigidana na rikice ne. Shekara shida yana ba da labarin nan a gaban baƙi, ni kuma ina murmushi ina haɗiye zuciya. Wannan ban yafe wa Gwaggo ba har yau.

Da tsohon shugaban ya yi ritaya, aka kawo sabo. Matashi ne mai digiri biyu da takalmi mai ƙara, ba mugu ba ne, sai dai yana da ɗoki. Yana kiran Gwaggo Mama, ita kuma a gabansa ta ce Yallaɓai, a bayansa ta ce yaron nan. A watansa na uku ya shigo ɗakinta fuska cike da fara'a, ina zaune ina cin abinci.

"Mama, albishirinki. Na samo mana babban marubuci zai zo ya gana da masu karatu. Kin san littafin nan na kisan mai otal? To marubucinsa da kansa!"

Gwaggo ta ce, "Yana da rai?"

"Sosai ma."

"Ikon Allah," in ji ta. "Na zaci duk sun mutu."

Da ya fita ta tafi neman littafin don ta ɓoye shi, ta tarar an are shi. Yana hannun Sufeto. Sufeto tsohon ɗan sanda ne mai ritaya, wanda ba ya karanta komai sai binciken kisa, kuma duk safiya shi ke fara zama a kujerar da ke ƙarƙashin fanka. Gwaggo ta je ta ce masa bangon yana buƙatar gam. Ya ce sai bayan taro, don so yake marubucin ya sa masa hannu a kai.

Ranar taron aka jera kujeru tsakanin kantoci. Marubucin dattijo ne siriri mai sanda, da murya ƙasa-ƙasa. Ya yi magana a kan yadda yake tsara labari, ya ce shi daga ƙarshe yake farawa, sai ya san mai laifi kafin ya rubuta kalmar farko. Gwaggo tana can baya kusa da ni, ta riƙe tiren kofuna kamar za ta kāre kanta da shi. Da aka ba da damar tambaya, Sufeto ya miƙe ya gyara wuyan riga.

"Ranka ya daɗe, ni ba tambaya gare ni ba, jinjina ce. Shekara talatin na yi ina kama masu laifi, amma a littafinka na koyi abin da ba a koya mana ba. Mutumin da zai kife littafi ya ɗora kofi a kai, babu abin da ba zai iya aikatawa ba. Tun da na ga likitan nan ya yi haka na ce wannan sai an rataye shi."

Aka tafa. Marubucin ya karkata kunne. "Wane likita?"

"Na ɗaki na bakwai mana. Wanda ya kashe mai otal."

"Ai matarsa ce ta kashe shi."

Sufeto ya yi dariya irin ta girmamawa. "Ranka ya daɗe, littattafan sun yi maka yawa. Likitan ne."

"Malam, ni na rubuta."

"Ni kuma sau huɗu na karanta."

Wata malamar makaranta ta ce ita ma likita ta sani. Wani tela ya ce likita ne, har ma likitan ya roƙi gafarar mai sharar otal kafin a tafi da shi. Marubucin ya duba ɗakin, mutum wajen arba'in duk suna gyaɗa kai, na ga alamar ya fara shakkar kansa. Sufeto ya miƙa masa littafin. Dattijon ya sa tabarau, ya buɗe baya, ya ga shafukan tafireta, ya fara karantawa a bayyane. Ya karanta inda mai binciken ya tara kowa a falo, ya nuna likitan ya ce, "Kai ne, kuma tun ranar da na ga abin da ka yi wa littafin nan na san ba a yi maka tarbiyya ba." Daga nan ya cire tabarau.

"Wa ya rubuta wannan?"

Gwaggo ta yi gyaran murya daga can baya. Shugaban ya juyo, kowa ya juyo. Ta miƙa mini tiren, ta share hannu a riga, ta ce, "Ni ce."

Ta faɗi komai, a tsaye, ba ta rage ko ɗaya ba: motar, da kwalin, da ƙunshin ƙusa. Shugaban ya share zufa a wuyansa. Ya ce, "Mama, kin san abin da wannan ke nufi? Duk littafin da ke da shafin tafireta sai an sauke shi. Ba za mu ba mutane abin da ba marubuci ne ya rubuta ba."

"A sauke a kai ina, Yallaɓai?"

Idonsa ya tafi wajen matakala. Ban taɓa ganin fuskar Gwaggo ta yi haka ba. Tsufa ya sauko mata lokaci ɗaya, har na ji kamar in jefar da tiren in rungume ta.

Marubucin kuwa ransa ya gama ɓaci. Ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Malama, shekara biyu na yi ina gina matar nan. Kowane shafi na ajiye alama. Ke kuma kika rataye mini likita a kan kofin shayi!"

Da ya yi shiru a nan, da Gwaggo ta ba shi haƙuri. Amma sai ya ƙara da cewa aikin rubutu ba ɗinki ba ne. Nan ta ɗago kai.

"Ranka ya daɗe, mai kisan ta ina ya shiga?"

"Ta taga."

"A hawa na nawa?"

"Na biyu."

"To buɗe shafi na ɗari da arba'in."

Ya buɗe. Ta ce ya karanta layi na shida daga ƙasa. Ya karanta a zuci, leɓensa na motsi. A nan ne ya rubuta cewa matar ta faɗi a matakala kwana biyu kafin kisan, an ɗaure mata ƙafa da filasta tun daga idon sawu har cinya.

"Ni ma ita na fara zargi," in ji Gwaggo. "Sau uku na gwada hawar da ita tagar nan, ta ƙi hawa. Ba yadda zan yi in ɗora wa gurguwa laifi."

Dattijon ya daɗe yana kallon shafin. Ya juya baya, ya dawo, ya sake juyawa. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, muka zaci kuka ne, ashe dariya ce ta ci ƙarfinsa har sai da aka ba shi ruwa. Ya ce shekara talatin da fitowar littafin, an buga shi sau tara, editoci huɗu sun duba, babu wanda ya lura da ƙafar nan. Sufeto ya ce shi dama ya lura, bai dai so ya kunyata baƙo ba ne.

Marubucin ne ya ceci littattafan. Ya ce wa shugaban kada a zubar da ko ɗaya, amma a yi hatimi a buga a kowanne, a bayyana cewa ƙarshen ba na marubucin ba ne. "Kada in mutu a ce ni na kashe likita saboda rashin ladabi," in ji shi. Kafin ya tafi ya bar kwafi biyu na sabon littafinsa, ɗaya na laburare ɗaya na shugaban, ya kuma tsaya a ƙofar ɗakin Gwaggo ya ce mata sannu da aiki.

Sati biyu aka yi ana buga hatimi. Abin da ba wanda ya zata shi ne, mutane suka koma neman hatimin. Mutum ya ɗauki littafi, kafin ya duba sunan marubuci sai ya juya baya, in bai ga shafin tafireta ba ya mayar. Littattafan da suka shekara goma ba wanda ya taɓa su suka fara fita. Malamar makarantar nan ta ari na tarihi guda bakwai, ta dawo tana ƙorafin cewa duk ƙarshensu ɗaya. Gwaggo ta ce ta je ta yi ƙorafi wurin sarakunan.

Tana nuna kamar abin bai dame ta ba, amma na san ta. Ta sa sabon ribin a tafireta, ta daina rufe ƙofa, har ta fara amsa gaisuwar masu lasar yatsa. Shekara talatin tana bayan bokiti da tsintsiya, yanzu ana leƙowa a ce, "Malama, me kike rubuta mana?" Ta ji daɗi ƙwarai, ni ma na taya ta ji.

Daɗin bai kai wata biyu ba. Wata Litinin aka kawo mata littafin ban tsoro da shafuka shida na ƙarshe babu. Ta juya shi, ta shafa wurin da yatsa. Ranar Laraba aka kawo na almara, shi ma haka. Ta nuna mini. Ta ce shafin da tsufa ya cire, zaren ne ke saki, ramukan ɗinkin suna nan lafiya. Waɗannan kuwa zaren yana nan daram, takardar ce aka ja da hannu.

Ranar Juma'a aka kawo sabon littafin marubucin, wanda ko wata uku bai yi a kanta ba, har yanzu yana ƙamshin sabunta. An bi shafuka goma sha ɗaya na ƙarshe da reza, an yanke su tas a miƙe. Wannan bai buƙaci mai bincike ba, don suna ɗaya ne a katin aro. Gwaggo ta aika a kira mata Sufeto.

Ya shigo yana murza hula a hannu, ya tsaya kamar wanda aka kawo gaban alƙali. Ta ajiye littafin a gabansa.

"Malama, ni ne. Ba zan wahalar da ke ba."

"Ina shafukan?"

"Na ƙona."

"Kai? Ɗan sanda?"

"Mai ritaya," in ji shi a hankali. Sai ya zauna a kan kujerata ba a ba shi izini ba. Ya ce labarin wata yarinya ce da ta ɓace, shafi ɗari uku ana nemanta, shi ma yana nemanta tare da su. A ƙarshe aka same ta, amma an makara da kwana ɗaya. "Malama, na taɓa yin irin wannan aikin da gaske. Mu ma kwana ɗaya muka makara. Ban zo laburare don a sake nuna mini ba. Na ce in na kawo miki, ke za ki same ta da rai."

Na zaci za ta yi masa wankin babban bargo. Ba ta yi ba. Ta dube shi da tausayi, har na ga idonta ya kawo ruwa, ta ce ya je ya dawo ranar Talata.

Ta ɗauki littafin gida ta karanta. Ranar Litinin da safe ta shiga ofishin shugaban ta ari nasa kwafin, ta dawo ta buɗe shi a gefen tafireta, ta danne da tubali. Na shigo da rana na same ta tana bugawa a hankali, yatsa ɗaya a kan layin marubucin, ɗaya a kan maɓalli. Tana yi tana tsaki, tana cewa, "Mugu. Dubi abin da ya yi wa 'yar mutane." Ta share hawaye da bayan hannu, ta ci gaba. Ko waƙafi ba ta canza ba.

Na ce, "Gwaggo, me ya sa? Shafi goma sha ɗaya ne fa. Kin yi wa fatalwa ma alfarma."

"Na yi wa waɗanda tsufa ya cinye ne. In na rubuta wa wannan, gobe kowa ya zo da reza a aljihu. Shekara talatin ina hana su shiga kwali, ba zan zama dalilin da za a riƙa yanka su ba."

Ranar Talata Sufeto ya zo da wuri. Ta miƙa masa, ya buɗe baya a tsaye, ya karanta layi biyu, fuskarsa ta faɗi.

"Malama, ai wannan nasa ne."

"Nasa ne. Kuma ka faɗa wa sauran, duk wanda ya sake yanka, abin da ya guje wa, shi zan mayar masa, kalma da kalma. Daga yau na daina. Wanda ya rasa ƙarshe, Yallaɓai ya nemo mana cikakke in kwafa, ko da a ƙafa zai je birnin."

Sufeto ya rufe littafin, ya riƙe shi da hannu biyu, ya ce ta yafe masa. Ta ce ta yafe, amma ya sayo mata zare.

Daga ranar ba a sake yanka littafi ba, ita ma ba ta sake ƙirƙirar ko layi ɗaya ba har ta yi ritaya. Masu leƙowa suka ragu, suka daina, ƙofar ta koma rufe. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, amma wani lokaci nakan shigo in same ta zaune gaban tafiretar babu takarda a ciki.

Ranar da take kwashe kayanta, ina taya ta naɗe basillu a tsumma, na kasa haƙuri na tambaye ta.

"Gwaggo, littafin yarinyar nan. Kin yi masa naki ƙarshen, ko?"

Ta leƙa ƙofa, ta rage murya.

"Tun a shafi na ɗari biyu na san inda take. Da ni ce, da an same ta tun ranar Laraba, da ranta, tana jin yunwa kawai." Ta ɗaure tsumman da zare, ta ja ƙulli. "Kada ki faɗa wa Sufeto. Zai so ya gani a rubuce."